Haƙoran Soja Mai Lamba Tamanin da Bakwai

Kakana Elias Dunder ya yi shekara ashirin da tara yana sojan Sarkin Sweden, bai taɓa harbin kowa ba, ba a kuma taɓa harbinsa ba. Abin da ya kashe da bindigar gwamnati a duk tsawon aikinsa hankaka ne guda ɗaya, shi ma ba shi ya auna ba. Amma duk wanda ya ce bai yi yaƙi ba, ni da shi ne. Ya zo ƙauyenmu Mossaryd in nuna masa katangar duwatsun da ta kewaye gonarmu, ya gwada ɗaga ɗaya daga cikin na ƙasa, sannan mu yi magana.

A zamaninsa rundunar lardinmu ba ta da bariki. Mutum dubu da ɗari biyu ne, kamfani takwas, kowane kamfani ɗari da hamsin, amma in ka zo nemansu ranar Talata sai dai ka bi gonaki ɗaya bayan ɗaya, ka tarar da wannan yana tonon dankali, wancan yana bin saniya. Gidajen manoma ne kan haɗa kai, a wurinmu gida huɗu, su ɗauki soja guda, su gina masa ɗan gida a bakin daji, su yanka masa fili, su riƙa ba shi iri da ciyawa da itace. Su kuma sarki ya bar musu 'ya'yansu maza a gona. Sai dai gidan ba na sojan ba ne, na lambarsa ne. Ranar da aka sallame ka, ka fara ɗaure komatsanka, don wani zai shigo.

Har sunan ma na lambar ne. Da kakana ya je a rubuta shi yana ɗan shekara ashirin da biyu, ya ce sunansa Elias ɗan Jonas. Kaftin ko ɗaga kai bai yi ba.

"Ina da 'ya'yan Jonas goma sha ɗaya a kamfanin nan, ba na neman ƙari. Lamba tamanin da bakwai Dunder ne. Wanda ya bar gidan sunansa Dunder, wanda ya gabace shi ma Dunder ne, tun zamanin da ake yaƙi na gaske. Wuce."

Ma'anar sunan tsawa, kakana kuwa muryarsa ko kaza ba ta kora daga kan tebur. Amma sunan ya zauna, har uwar da ta haife shi ta koma kiransa da shi.

Aikin soja a shekara bai taka kara ya karya ba. Mako uku a watan Yuni ana taruwa a babban fili, a kwana a tanti, a yi ta taka ƙasa. Kowace Lahadi kuma, bayan an fito daga coci, sojojin yankin su goma sha biyu sukan jeru a kan tudun da ke gaban coci, Saje Brink ya kira suna, su ɗan juya bindigogi jama'a na kallo, a watse. Kayan sarki, wato tufafin soja, na zama a akwati a gidan Zakris, babba a cikin manoman nan huɗu, mabuɗin na rataye a wuyansa, don kada soja ya tafi noma da su. Sauran kwanakin shekara kakana yana haƙar duwatsu daga filin da aka ba shi, wanda da farko dutse ya fi ƙasa yawa a cikinsa. Shi ne kuma mai ɗinkin takalma na ƙauye, shi ke yanka dabbobi lokacin Kirsimeti, shi ke karanta wa tsofaffi wasiƙun 'ya'yansu daga Amurka. Shi ne ma mai cire haƙori, da wata filaya da yake cire ƙusa da ita.

Ya haƙa rijiya, ya ɗaga katanga, matarsa Gustava ta dasa itacen tuffa a bakin taga. A gidan suka haifi 'ya'ya biyar. Huɗu suka haye teku, ta rage auta, Petronella, wadda ita ce uwata. Akwai kuma wani baran Zakris mai suna Natanael, dogo, mai haƙora kamar na doki, kullum bakinsa a washe, wanda ba ya rasa dalilin biyowa ta bayan katangarmu. Shi ne ya zama ubana daga baya, amma a lokacin kakana ya kore shi da manjagara ya fi sau uku.

"'Yar soja ba ta auren bara," in ji shi. "Soja ko ba kowa."

To, ga inda haƙori ya shigo maganar. Bindigar lokacin mai ɗurin baki ce. Albarushi da dalma suna cikin ƙunshin takarda mai kauri. In aka ba da oda, ka ciro ƙunshin daga jaka, ka kai baki, ka cije, ka yage, ka zuba, ka ɗura, ka danna da tsinken ƙarfe. Sojan da ba shi da haƙoran gaba ba soja ba ne, manomi ne a cikin shuɗiyar riga. Kowace shekara uku Janar da kansa yakan zo filin taro ya duba runduna mutum bayan mutum, wanda ya gaza a sallame shi nan take.

Saura wata takwas zuwan Janar, kakana yana taya Zakris ɗaura wa tsohon sansa karkiya, san ya ji ƙuda a kunne ya kaɗa kai. Ƙaho ya sami kakana a baki. Da ya tofar, sai ga haƙora huɗu na sama a kan ciyawa.

Kwana biyu bai fita daga gida ba. A rana ta uku Zakris ya zo da hula a hannu, ya zauna a kicin, Gustava ta zuba masa kofi ba tare da ta ba shi sukari ba.

"Dunder, buɗe mu gani."

Kakana ya buɗe.

"Kai. Ƙofar rumbu ke nan."

"Rumbun da sanka ya fasa," in ji Gustava. "Ka zo jaje ne ko ka zo auna tagogi saboda sabon soja?"

"Haba Gustava, wane sabon soja? Ina zan samo shi? Duk saurayin da ya iya tsayuwa da ƙafa biyu ya tafi Amurka. In aka sallami mijinki, ni ne zan yi ta yawon ƙauyuka ina roƙon 'ya'yan mutane."

"To ka ara masa haƙoranka ya je ya dawo."

"Nawa uku ne, kuma ba a jere suke ba."

Kakana bai yi dariya ba. Yana kallon itacen tuffa ta taga. Tsoro yake ji, kuma ba na Janar ba. Mutumin da ya haura hamsin, in aka fitar da shi daga wannan gida, abin da ke jiransa wata bukka ce ta tsofaffi a bayan maƙabarta, inda ba rijiya, ba taga mai gilashi. Duk dutsen da ya ɗaga a shekara ashirin da tara zai zama na wani. In kuwa ya tsallake wannan dubawar, ya sami shekara uku, bayan su kuma Allah ne masani.

Da Kirsimeti ta zo, Zakris ya yanke shawarar yanka san, don ya tsufa. Kakana ne ya yanka, kuma an ce bai taɓa wasa wuƙa da nishaɗi irin na ranar ba. Da aka miƙo masa kasonsa na nama, ya ce a ƙara masa da ƙashin ƙafa guda.

Duk lokacin sanyin nan, ƙanƙara ta rufe hanya, yana zaune a kan bencin ɗinkin takalma yana sassaƙa. Na farko sun yi girma, ya fito kamar zomo. Na biyu suka tsage. Sai a na shida ya sami abin da yake so: haƙora huɗu a haɗe, farare tas, da 'yan ramuka a gefe inda yake zura zaren takalma mai kakin zuma ya ɗaure su a jikin turamen bakinsa. Daga nan ya shiga atisaye. Ya cinye kalandar bara, ya cinye takardar da ake naɗe sukari, ya fara kan wasiƙun Amurka. Gustava ta ɗauke littafin waƙoƙin coci ta ɓoye a cikin garin hatsi.

Aibin haƙoran ɗaya ne. In ya sa su, leɓensa na sama ba ya rufuwa, sai ya zama kullum kamar wanda aka yi wa albishir. Da su ya je jana'izar matar maƙeri, ya tsaya a bakin kabari yana ta fara'a, har fasto ya ja shi gefe bayan an gama ya tambaye shi ko akwai wata tsohuwar gaba tsakaninsa da mamaciyar.

Natanael ya gamu da shi a hanyar dawowa, ya cire hula.

"Baba, sun yi kyau fa. Kamar da su aka haife ka."

"Wa ye babanka? Rufe bakinka, kana kashe mini ido. Mutum sai ka ce shi kaɗai aka raba wa haƙori a lardin nan."

A watan Yuni Zakris ya buɗe akwati, kakana ya sa kayan sarki, Gustava ta cika masa jaka da busasshen burodi da kifin gishiri, ya taka kwana biyu zuwa filin taro. Suna isa suka ga dogayen akwatuna a jere a gaban tantin Kanar. Saje Brink ya tara kamfani, ya fasa ɗaya, ya ɗago wata bindiga da ba su taɓa gani ba.

"Ku buɗe kunnuwanku, 'yan dankali. Wannan ta baya ake ɗura ta. Harsashinta na tagulla ne, a rufe yake, ba takarda, ba zuba albarushi, ba tsinke. Ka buɗe nan, ka tura, ka rufe, ka harba. Bakinka kuma ka ajiye shi don cin abinci."

Duk kamfanin suka juya suka kalli kakana, wanda ke tsaye yana fara'ar dole.

Mai lamba tamanin da takwas, wani gajere da ake kira Munter, wanda suka yi shekara ashirin suna kwana a tanti ɗaya, ya zungure shi da gwiwar hannu.

"Dunder, Allah ya yi maka gyaɗar dogo. Cire katakon nan ka huta, ko da dasashi ma yanzu za ka ci Rasha da yaƙi."

"Ba katako ba ne, ƙashi ne. Wata biyar na yi a kansu. Da su Janar zai gan ni."

"San Zakris dai ya shiga soja bayan ransa."

A makonni ukun nan kakana ya koyi sabuwar bindiga. A hankali yake yi, leɓensa na motsi yana ƙirga: buɗe, tura, rufe. Saje da kansa ya ce babu laifi. Kakana ya fara ganin cewa ya tsira, har ya aika wa Gustava saƙo ta bakin mai kawo madara cewa ta sayo gilashin tagar da ya fashe.

Ranar dubawa rana ta fito sosai. Mutum dubu da ɗari biyu suka jeru, ana kaɗa ganguna, tutar runduna na gaba, wadda aka ɗinka a jikinta sunayen tsofaffin yaƙe-yaƙen da babu wani mai rai da ya gani. Janar tsoho ne mai farin saje, yana tafe a ƙasa da sanda, magatakarda na bin sa da littafi. Da ya iso kamfaninsu sai ya ce yana son ya ga yadda suke ɗura sabuwar. Kaftin ya cika ƙirjinsa da iska ya daka oda, da irin muryar da ya yi shekara da shekaru yana daka ta.

Sabo turken wawa. Hannu ɗari da arba'in da tara suka kai harsashi ga bindiga. Hannun kakana ya ciro harsashin tagulla, ya kai baki, ya gartsa masa cizo da duk ƙarfin atisayen wata biyar.

An ce har kamfani na gaba sun ji ƙarar. Zaren ya tsinke, haƙoran suka yi tsalle suka faɗi a kan takalmin Janar, sun rabu biyu.

Babu wanda ya motsa, sai kafaɗun Munter da ke rawa don danne dariya. Janar ya sunkuya da ƙyar, ya tsince su, ya haɗa ɓarin biyu, ya juya su a rana.

"Lamba?"

"Tamanin da bakwai, Dunder, ranka ya daɗe." Iska na fita ta gibin.

"Wa ya yi maka wannan aiki?"

"Ni na yi, ranka ya daɗe. Sa ne ya cire nawa, na karɓi ƙashinsa."

Janar ya yi dariya har sai da ya dafa magatakarda. Da ya ga haka, Kanar ya yi, Kaftin ya yi, aka ba kowa izinin yi. Kakana ma zuciyarsa ta ɗan kwanta, don a tunaninsa wanda ya sa Janar dariya ba ya kwana a waje. Sai Janar ya share ido, ya tambayi shekarunsa a aiki, aka gaya masa.

"Dunder, haƙoranka ba su dame ni ba, sarki ya daina buƙatarsu. Hannun nan ne. Ya riga ya yi rantsuwa ga tsohuwar bindiga, kuma ban ga alamar zai saɓa ba. In ka yi haka ranar da ake harbi na gaske, kanka za ka rasa, har da na maƙwabcinka." Ya juya ga magatakarda. "A sallame shi da yabo. A ba shi lambar girma da fansho. Ya yi wa sarki aiki da gaskiya."

Ya miƙa masa haƙoran a tafin hannu, ya wuce zuwa tamanin da takwas.

Kakana ya dawo gida da lamba a ƙirji da wa'adin fita kafin ƙarshen kaka. Gustava ta riga ta sa sabon gilashin. Washegari ta fito ta tarar da shi da shebur yana haƙa kewayen itacen tuffa.

"Ina za ka kai shi?"

"Inda za mu."

"Ajiye shebur ɗin nan, Dunder. Itacen ya tsufa da tashi, kamar wasu."

Ya ajiye, ya zauna a kan katanga, ya yi kuka. Uwata ta gani ta taga, kuma ta ce a rayuwarta ba ta taɓa jin haushin sarki ba sai ranar.

Zakris ya yi yawon ƙauyuka bakwai bai sami saurayi ko ɗaya ba. Ana nan, uwata ta ɗauki bokitin madara ta nufi gidansa, ta wuce shi a tsakar gida, ta shiga garken shanu inda Natanael ke kwashe taki.

"Kai, tsawonka nawa?"

"Ban taɓa aunawa ba."

"Ya isa. Kana son aurena ko ba ka so?"

"Petronella, ai kin san babanki…"

"Babana ya ce soja. Ga gurbi nan a buɗe, ga gida, ga rijiya. Ko sai na sa rigar da kaina?"

Ranar da wa'adi ya cika, kakana ya ɗaure kayansu a ƙofar gida, ya tsaya yana jiran ya ga wane baƙo ne zai gaje shi, don Zakris ya ƙi faɗa masa. Sai ga Zakris tafe, a bayansa Natanael cikin shuɗiyar rigar kakana, hannuwan rigar sun tsaya masa a rabin hanya.

Kakana ya duba inda manjagara take.

"Baba, kafin ka ɗauko ta," in ji Natanael, "ɗakin baya babba ne. Ni kuma ban san kan rijiyar nan ba, ban san ɗinkin takalma ba."

"Ba zan zauna a ƙarƙashin bara ba."

"Wane baran?" in ji Gustava, tana kwance ƙullin da ya ɗaure. "Ni soja nake gani. Shekara ashirin da tara ina zaune a gidan Dunder, ban ga dalilin da zan fita daga gidan Dunder ba. Kai in kana da wani wurin, sai ka aiko mana da wasiƙa."

"Kai ka ce soja ko ba kowa, Baba," in ji uwata.

Kakana ya tako a hankali, ya kama haɓar Natanael kamar mai sayen doki, ya ce ya buɗe. Ya leƙa ciki, ya ƙirga har ƙarshe.

"Talatin da biyu, ba ko tsutsa. Kuma ka rasa lokacin shiga soja sai da aka daina cizo. Asara dai." Ya sake shi. "Maɓallinka na uku a karkace yake. Gyara, kada ka ja wa lambar nan abin kunya."

Aka ɗaura aure kafin ƙanƙara ta sauka. Lahadin farko bayan haka, sojoji suka jeru a tudun coci, ubana a gurbin tamanin da bakwai, kakana kuma can a jikin katanga tare da tsofaffi, yana tsotsar garin taba. Saje Brink ya buɗe takarda yana kira.

"Tamanin da bakwai, Dunder."

Ubana ya buɗe baki ke nan, sai wata siririyar murya mai iska ta riga shi daga jikin katanga.

"Ga ni, yallaɓai."

Jama'a suka kwashe da dariya. Kakana ya duba hagu da dama, kunnuwansa suka yi ja, don bai san ya amsa ba sai da ya ji muryarsa. Saje ya kalle shi, ya kalli ubana, ya mai da ido kan takarda.

"Dunder ya amsa. Tamanin da takwas."

Daga ranar, in aka kira lambar, ubana sai ya tsuke bakinsa ya bar wa tsoho. Tun ana dariya har aka daina, ya zama haka abin yake a Mossaryd. Shekara goma sha ɗaya ana yi. A cikinsu aka haife ni, kuma na yi wayo ina zaton kowane soja yana da tsohon da ke amsa masa suna. Haƙoran ƙashin suna cikin wani kofi a kan kanta, ya manne su da danƙo, yakan sa su ranar Kirsimeti don ya tsorata mu.

Ya rasu a ɗakin baya, tuffa na nuna a bakin taga. Lahadin da ta biyo bayan jana'iza ina tsaye riƙe da siket ɗin uwata, Saje Brink, wanda shi ma ya fara dogara sanda, ya zo kan layin.

"Tamanin da bakwai, Dunder."

Ubana ya tsuke baki kamar kullum, yana jira. Saje ma bai ɗago kai ba, yana jira. Duk tudun ya yi tsit, wasu suka waiwaya wajen katanga. Aka daɗe a haka kafin Saje ya gyara murya ya sake kira, a hankali wannan karon, sannan ubana ya amsa.